Giyar 'Yan Golmo

Masu karatu, saura kaɗan in tsallake wannan babi. Na saba rubuta inda ake kuka, don in mutum yana kuka ka san abin da za ka faɗa a kansa. Amma a kwanakin nan da zan ba ku labari, ko ɗigon hawaye Peculiar ba ta yi ba, sai na rasa ta inda zan kama. Na ajiye biro, na ɗauka, na sake ajiyewa. Daga baya na ga in na tsallake, kamar na bar ta ita kaɗai ne a wurin da ta fi bukatar a tsaya da ita. To ga shi, yadda ya zo mini.

Ran Alhamis da hantsi Gwaggo Alice, ƙanwar baban Peculiar, ta shigo gidan wanta Saje Philip da ke bakin hanyar Dabai da babban daro a ka. Ta sauke shi a gindin mangwaro, ta yaye zanin da ta rufe shi da shi. Garin tsiron dawa ne, ja-ja, mai ƙamshin nan da duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san abin da ake yi da shi.

Peculiar tana tsugune tana wanke-wanke. Ta ɗago ta kalli daron, ta mayar da kai kan tukunyar da take kankarewa.

"Amarya, ba gaisuwa?" in ji Gwaggo. "Ko tun yanzu an fara jan aji?"

Ta gaishe ta. Gwaggo ta amsa tana dariya, ta ce kayan aiki ta kawo. Yau da yamma a jiƙa, gobe a dafa, ya kwana ya tashi, jibi Asabar 'yan golmo su sha su sa albarka.

Golmo dai shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so. Ya tara abokansa su shiga gonar surukin, damina bayan damina, sai an cika bakwai a ba shi mata. Gidaje da yawa sun daina, an koma kai buhunan dawa da akwati. Saje Philip ya ce a gidansa ba a daina ba. Haka Philemon, ɗan wani manomi da ke bayan dutse, ya ɗauki fartanya ya shiga gonar Saje tun Peculiar ba ta gama iya ɗaurin ɗankwali ba. Bana ce damina ta ƙarshe, Asabar kuma ita ce rana ta ƙarshe, ranar maimai a babbar gonar dawa.

A dangin su Saje, ranar ƙarshe tana da nata sharaɗin. Yarinyar ce da hannunta za ta juya tukunyar giyar da za a kai gona, ta kuma durƙusa ta miƙa wa shugaban 'yan golmo ƙwaryar farko. In ya shanye ya kife ƙwarya a ƙasa, golmo ya cika, an ba da mata.

Ba wanda ya tuna da wannan sharaɗi ranar da aka yi wa Peculiar baftisma, a bikin Ista na bara waccan. Ita ma ba ta tuna ba. Fasto ya tsayar da su a gaban jama'a, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun bar giya, shanta da dafa ta da miƙa ta. Peculiar da ke jin nauyin ɗaga murya ko a kan kaji, ranar sai da na bayan coci suka ji amsarta. Ba wanda ya tura ta. Ita ta so.

Da rana ta yi tsaka Baba ya kira ta zaure.

Saje Philip ba mugun uba ba ne. Ya yi soja har ya gaji, ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da ƙaramar rediyo da ba ya rabuwa da ita. Coci yana zuwa ran Kirsimeti da ran Ista, ya zauna a gaba da lambobinsa a ƙirji. Masu hali sun zo neman Peculiar ba sau ɗaya ba, ya ce musu an riga su, akwai yaro a gona.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ya rage muryar rediyo. Ya ce ya ji abin da take faɗa wa uwarta, shi kuma bai kira ta don gardama ba. Ya ce shi ma ya yi wa uwarta golmo, kakanta ma ya yi, kuma ba shi ne zai zama na farko da zai sallami samarin mutane da busasshen maƙogwaro ba, a riƙa nuna gidansa da baki a kasuwa.

"Ni ban ce ki sha ba, ɗiyata. Juyawa na ce, da miƙawa. Yaron ga ya cika nashi, saura namu. In ba ki sa hannu ba, ba ni da bakin da zan kira su su shiga gonata. In ba su shiga ba, golmo bai cika ba. In bai cika ba, ba aure. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

"To mi kika ce?"

Ta sunkuyar da kai. Tana kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar dawa a kan tabarma. Ya jira, ya jira, sannan ya ƙara muryar rediyo. Ta gane an sallame ta.

A madafa ta tarar da Mama Margaret tana tankaɗe. Mama ta ce ta jawo kujera.

Mama ce mataimakiyar shugabar zumuntar mata, kuma ba ta cika ba da labarin aurenta ba. Ranar ta bayar. Ta ce ita ta juya wa Saje tukunya, ta miƙa ƙwarya, labari ya kai coci kafin Lahadi. Aka sa ta a kujerar horo, can baya kusa da ƙofa inda ake jingine lema, ana raba Jibin Ubangiji ana tsallake ta. Aurenta ma ba a ɗaura shi a coci ba. Ta ce har yau in mata suka fara hirar farar riga a zumunta, sai ta yi kamar tana gyara ɗankwali.

"Kada ki juya, Peku. Ni na san ɗacinsa."

Peculiar ta ɗago. Tun safe wannan ce magana ta farko da ta zo daidai da zuciyarta.

Amma Mama ba ta tsaya nan ba. Ta rage murya ta ce Allah ba ya barin nasa cikin matsi, ga ƙofa ya buɗe. Uwar Ebenezer ta sake tare ta bayan addu'ar mata. Ebenezer ɗan dattijon coci ne, yana da shagon babura a cikin Zuru, shi ya saya wa mawaƙa jita da lasifika. Ba ya sha, ba ya golmo, aurensa a gaban bagadi za a yi da limamai a jere. In golmo ya rushe daga ɓangaren al'ada, ba wanda zai ce Peculiar ce ta ci amana.

Peculiar ta karɓi rariyar daga hannun Mama ta ci gaba da tankaɗen. Gari yana zuba, tana kallonsa, ba ta jin komai.

Da la'asar ta je koyon waƙa, don ba ta taɓa fashi ba. Ta buɗe baki tare da sauran, ta rufe tare da su. Da aka tashi, ta tarar da motar Ebenezer a gindin dalbejiyar coci, shi kuma yana jingine da ita cikin farar shadda. Ya ce ta shigo ya rage mata hanya. Ta ce za ta taka. Sai ya kulle motar ya bi ta a ƙafa, yana ɗage bakin wandonsa saboda taɓo.

"Sista Peculiar, na ji abin da ake so a sa ki. Gaskiya ban yi barci ba. Ke 'yar haske ce, me ya haɗa ki da tukunyar giya?"

Ta ce ta gode.

Ya ce kada ta damu da gonar Baba, gobe-goben nan zai iya tura yara da maganin feshi, kafin rana ta faɗi ba sauran ciyawa. Ya ce ya san ba ta saba da shi ba, amma so ai yana zuwa daga baya, muddin an fara da tsoron Allah. Ya ce shi mutum ne mai adalci, Philemon ma ba za a cuce shi ba, za a zauna da iyayensa a share masa guminsa.

Nan ta tsaya.

"Yaya Ebenezer, da me ake share shi?"

Ya yi dariya, ya ce komai yana da hanya, ta bar wa manya wannan. Ya ce ta san dai golmo al'adar duhu ce, abin da aka gina a kan duhu kuwa ba dole ne ɗan Allah ya cika shi ba.

Ta tuna duk kaka Mama takan ɗauki damin dawa mafi kyau ta kai coci ranar godiya. Philemon ne ya noma ta. Uban Ebenezer ne ke tsayawa a gaba yana karɓa da hannu biyu, yana sa albarka. Ba ta taɓa jin an ce dawar ta duhu ce ba.

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga doguwar magana ce, ita kuma ba ta iya doguwar magana ba. Ta ce masa sai an jima. Ya ce zai ci gaba da yi mata addu'a, ya juya wajen motarsa yana kakkaɓe takalmi.

Ba ta nufi gida ba. Ta bi ƙaramar hanyar da ke gangarawa rafi, don ta san lokacin da Philemon ke tashi daga tasu gonar.

Yana nan kuwa, zaune a kan dutse yana wanke ƙafa. Baƙi ne, ba dogo ba, wuyansa da kafaɗunsa sun yi kauri saboda noma. Da ya gan ta ya matsa ya bar mata wuri, kamar yadda ya saba. Ta zauna a ɗan nesa.

Ya tambayi Mama, ya tambayi ƙafar Baba. Ya ce abokansa sun shirya, har wanda ke koyon kanikanci a Mahuta ya ce zai kwana a hanya ya iso. Ya ce uwarsa ta shafe ɗakin amarya da sabuwar ƙasa, ta hana kowa shiga. Yana faɗa yana kallon ruwa. Ta gane labari ya riga ta zuwa.

"Peku, juyi ɗaya ne. Ki kama muciya ki juya, Gwaggo ta ƙarasa. Ki miƙa ƙwarya ki tashi. Ni ba zan sha ba, kin sani. Tun da kika ce in bari na bari."

"Na sani."

"To?"

"Na yi alkawari."

"Ni ma alkawari na yi. Nawa ya riga naki."

Gaskiya ya faɗa.

Ya ce sau biyu ana ɗaukar soja yana ji yana gani. Destiny da suka tashi tare ya tafi, yanzu ya yi wa uwarsa rufin kwano. Shi ya zauna saboda gonar Saje. Ya ce samarin nan da ke bin sa ba kyauta suke yi ba, kowannensu sai da ya rama masa a gonar nasa surukin, wani lokaci da zazzaɓi a jikinsa. Ya ce bai taɓa yi mata gori ba, yau ma ba gori yake yi ba, so yake kawai ta sani.

"Horo ai ba mutuwa ba ne. Ki zauna a baya, ni ma in dawo baya in zauna kusa da ke. In lokaci ya cika su mayar da ke cikin mawaƙa. Wa ba a taɓa hora ba a cocin nan?"

"Ba kujerar nake tsoro ba."

"To me kike tsoro?"

"Ranar da na shiga ruwan baftisma, ba Fasto na amsa wa ba."

Ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya zuba a ƙeya. Can ya ce wani da ya wuce ɗazu ya gaya masa ya ga mai babura yana raka ta, har da ɗage wando.

"Ba zan aure shi ba."

"Ni ma ga shi ba za ki aure ni ba. To Allah ne zai aure ki?"

Yana faɗa ya kama bakinsa. Ya ce Ubangiji ya yafe masa, ba haka yake nufi ba. Peculiar ba ta taɓa ganin hawayen Philemon ba, ko ranar da garma ta sare masa yatsan ƙafa a gonarsu dariya ya yi. Yanzu ga su suna gangarowa har cikin gemunsa, bai ko share ba.

"Ban taɓa roƙonki komai ba, Peku. Yau na roƙe ki. Saboda ni."

Ta dube shi. Tana son mutumin nan, ta san da haka kamar yadda ta san sunanta. Ta laluba cikin ƙirjinta ko za ta sami kukan da zai taya nasa, ba ta samu ba. Wurin ya yi dum, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

"Wai ke ba kya jin komai ne?"

"Ina ji."

"Za ki juya?"

"A'a."

Ya sa takalmansa na roba. Ya ce to, in Saje ya rushe, shi ba zai sake farawa ba, kuma ba zai zauna a Dabai yara suna yi masa waƙa ba. Akwai motar da ke kwasar masu aikin gona zuwa Neja, zai bi ta. Ya ce ta gaida gida. Ya hau gangaren bai waiwayo ba.

Ta zauna har sauro ya fara cizon ta, sannan ta tashi.

Ran Juma'a tun da safe bayan gida ya cika da hayaƙi. Gwaggo Alice ta jera manyan tukwane a kan murhu, ta ɗaure zani a ƙirji, gumi yana bin bayanta. Ita sana'arta ke nan, da ita ta riƙe 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu a bakin daga. Peculiar ta ɗebo ruwan girki, ta share tsakar gida, ta ba awaki dusa. Duk inda za ta bi sai ta kewaye tukwanen.

Gwaggo tana yi tana tsokana. Ta ce ita da ta tsufa a bakin tukunya ga ta nan garau, tsawa ba ta faɗo mata ba. Ta ce 'yan matan yanzu sun fi Fasto sanin Allah. Ta ce rabin dattawan da ke sa mutane a horo ta san ƙwaryar kowannensu, ta bayan gida suke aikowa.

Da rana ta take, Mama ta tafi niƙa, Baba ya tafi cikin gari, sai Gwaggo ta ajiye muciya ta kira ta. Wannan karon ba wasa a muryarta.

Ta ce jiya ta ga Philemon yana wucewa ta ƙofar gidanta, ko gaisuwa bai iya yi ba. Ta ce ita ba ta da ilimin coci, amma ta san yadda ake rasa miji, kuma ba ta yi wa ɗiyar wanta fatan haka.

"Ji nan. Ba sai kin taɓa ba. Ni zan ce kin juya. Gobe ki kwanta ki ce zazzaɓi, ni in miƙa ƙwarya a madadinki, an taɓa yin haka a gidanmu. Hannunki tsaf, mijinki a hannu. Abu ɗaya nake so. In Yaya ya tambaya, ki yi shiru ki bar ni da magana."

Peculiar ta kalli tukunyar tana tafasa, kumfa yana tasowa yana fashewa.

"Ba ki ce komai ba, ba ki yi komai ba. Ina zunubin a nan?"

Shiru kuwa shi ne abin da Peculiar ta fi iyawa a duniya. Da shi ta gama firamare, da shi take zama cikin mutane. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, hannuwa a cinya. Ta ga kanta cikin farar riga, Philemon a gefenta, Fasto yana tambayar jama'a ko akwai mai magana, Gwaggo a layi na biyu tana murmushi. Ta ga abin zai yiwu. Ba wanda zai sani. Ta daɗe tana kallon wannan hoton, yana da kyau ƙwarai.

Rana ta yi sanyi Baba ya dawo. Ya wuce kai tsaye bayan gida, inda Gwaggo ke tace giyar cikin randuna. Mama tana bakin madafa. Peculiar ta fito da butar ruwa za ta kai masa.

"Alice, an sa hannu?"

"An sa, Yaya. Da idona. Har ta ƙona yatsa, 'yar nema."

Baba ya ce madalla. Bai kalli Peculiar ba. Ya juya da sauri zai koma zaure, kamar mai tsoron abin da zai gani in ya daɗe a wurin.

"Baba."

Ya tsaya, bayansa gare ta.

"Ban sa ba."

Gwaggo ta saki matacin cikin randa. Ta ce yarinyar nan zafin wuta ne ya taɓa mata kai, kada a biye mata.

Baba ya kashe rediyon da ke hannunsa.

"Da kin bar ni da abin da aka gaya mini," in ji shi.

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ya ce wa Gwaggo ta nemi masu taya ta ta kwashe randunanta, ta kai kasuwa gobe kada ta yi asara. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hula da sanda. Ya ce wannan ba saƙon da ake aika wani ba ne, shi zai je da ƙafarsa ya gaya wa shugaban 'yan golmo kada su wahalar da kansu. Suna jin ƙarar sandarsa a kan tsakuwa har ya fita.

Gwaggo ta zo ta tsaya a gabanta, idanunta jajur da hayaƙi. Ta ce, "Na ba ki miji a tafin hannu kin zubar." Ba ta ƙara ba, ta koma kan randunanta.

Mama ce ta rungume ta. Ta ce ta gode wa Allah da ya ba ta ɗiya mai tsayawa, abin da ita ta kasa ɗiyarta ta yi. Ta ce ran Lahadi bayan sujada za ta ga uwar Ebenezer, a fara magana a hankali.

"Mama, kada ki gan ta saboda ni."

"Kamar yaya?"

"Philemon ya yi noman. In Baba bai ba shi ba, zan zauna."

Hannun Mama ya sauka daga kafaɗarta. Ta ce wato ita ma ba za a ji tata ba. Ta ce to Peculiar ta zaɓa, ta ɓata da uba, ta ɓata da gwaggo, ta ɓata da saurayi, yanzu ga uwa. Ta shiga madafa ta ja ƙyaure.

Tuwon ranar ba wanda ya ci na kirki. Peculiar ta durƙusa za ta yi addu'a kafin ta kwanta, ta ce "Ubangiji," sauran ya ƙi zuwa. Ta bar shi a haka.

Washegari da gari ya fara haske ta tashi. Ba ta hura wuta ba. Ta sa tsohuwar rigarta ta zuwa itace, ta ɗaure zani tamau, ta shiga bayan rumbu ta ɗauki fartanyar Mama. Ƙofar Baba a buɗe take, yana zaune a bakin gado da hula a kai kamar bai cire ta ba tun jiya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kalli fartanyar, ya kalle ta, bai amsa ba, bai kuma hana ta ba.

Raɓa ta jiƙa mata zani har gwiwa kafin ta kai. Gonar tana nan shimfiɗe daga gindin dutse har bakin rafi, dawa ta kai ƙugu, ciyawa ta cika tsakanin kunyoyi. Ranar da ya kamata a ji kiɗa da ihun samari tun daga hanya, ba motsin komai sai kurciya.

Can ƙarshen gonar ta hango bayan mutum ɗaya a sunkuye.

Ta bi gefe har ta isa. Philemon bai ɗago ba. Ya riga ya ci rabin kunya, ƙasar da ya juya baƙa ce, tana tururi. Ta tsaya a bakin kunyar da ke kusa da tasa.

"Mace ba ta golmo," in ji shi, yana sara.

"Na sani."

"Kuma Baba ba zai lissafa wannan ba. Ya gaya mini jiya a gaban mutane."

"Na sani."

Ta sunkuya ta kai sara na farko. Bakin fartanyar ya yi lakwaf, ya kusa fita daga ƙota. Philemon ya miƙe. Idanunsa a kumbure suke. Ya karɓi fartanyar daga hannunta ba tare da ya dube ta ba, ya buga gindinta a kan dutse har ƙarfen ya zauna daram, ya miƙa mata.

"Ki bi a hankali wajen duwatsun can," ya ce. "Akwai kunama."

Ya koma kan kunyarsa. Ita ma ta kama tata.